Gidan da Rabinsa Ke Kan Taya

Mun tashi ana idar da sallar asuba, ni da 'yar yayana, daga flat ɗin mahaifinta da ke bayan tashar Charing Cross. Ku da kuka hana wayata sakat tun ranar da na sa hotona ina shan shayi a cikin mota, teku na bayana, to ga labarin. Sai dai ku yi haƙuri, kun san ban iya gajarta zance ba.

Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba, aike ne. Yarinyar nan ta zo London karatun haɗa magunguna, ta gama, ta kama aiki, ta kuma kawo wanda take so: wani kafinta, haifaffen nan, iyayensa mutanen Zongon Kumasi. Yaya ya sa an yi bincike, addini da hali ba a sami abin kushewa ba. Saura muhalli. Mahaifiyarta, Allah ya ji ƙanta, tun yarinyar tana firamare take tara mata kayan ɗaki, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta daina ba. Shi ne Yaya ya kira ni daga Kano, da muryar nan tasa da ba a ja da ita, ya ce, "Ki je ki ga ɗakin. In zai ɗauki kayan marigayiya, a sa rana. In ba zai ɗauka ba, a dakata sai ya sami gida." Duk wanda ya san garin nan ya san jiran babban gida jiran furfura ne. Ita kuma ta ce ba za ta yi aure ba sai da albarkar ubanta. Kun ji abin da ke rataye a bakina ranar.

Ni kuwa a danginmu ni ce uwar jere. Ba a kai amarya a gidanmu ba tare da na riga ta zuwa na auna ɗaki ba. Ina shiga, na kalli bango sau ɗaya, na san inda gado zai zauna da inda madubi zai tsaya. Don haka na sa tef ɗina na tela a jaka, da ɗan littafi da biro, na gyara mayafi, muka sauko.

London da sassafe wani gari ne daban. An wanke tituna, fitilu ba su mutu ba, manyan gine-ginen jakadanci sun yi tsit da tutocinsu a rataye. Muna cikin tafiya wani dila ya fito daga lungu, ya tsaya ya ƙare mana kallo, ya tsallaka titi abinsa. Na ce a'uzubillahi, a tsakiyar birni? Yarinyar ta ce, "Gwaggo, sun fi mu daɗewa a unguwar nan." A tasha ba a yanki tikiti ba, kati kawai ta ɗora mini a kan wani abu, ƙofa ta buɗe. Ban tambayi nawa aka cire ba. Tun satin farko na daina mayar da fam zuwa naira, don likita ya ce in kula da hawan jinina.

Jirgin ƙasa yana barin tasha sai ga mu a kan gada, kogi a ƙarƙashinmu. Subhanallahi! Ruwa ya cika fal, gari ya fara ja ta gabas, ga doguwar hasumiyar agogo a gefe, ga wani ƙaton lilo mai zagaye kamar taya yana tsaye shiru. Na manta da shekaruna na manna fuska a gilashi. Da na juyo na ga ni kaɗai ke kallo. Sauran fasinjoji yawanci baƙar fata ne irinmu, masu shara da masu gadi da ma'aikatan jinya, wasu za su aiki wasu sun taso, wata baiwar Allah tana barci a zaune riƙe da kular abincinta. 'Yar yayana ma ba kogin take kallo ba, jakata take kallo.

A Catford abin da ya fara tarbar mu wata shirgegiyar mage ce, baƙa da fari, an ƙera ta an ɗora a saman ƙofar kasuwa. Ƙasa kuwa sai ka ce Sabon Gari: Yarbanci ta ko'ina, ana sauke kwalayen doya, ƙamshin busasshen kifi. Muka bi wani layi na gidaje iri ɗaya, muka karya kwana cikin wani ɗan lungu, sai ta tsaya a gaban wani ɗan gini na jan bulo, wata farar mota a fake a gabansa. Ni ban tsaya ba, na wuce ina neman gida. Ta kira ni. Na dawo na ce, "Na ga ɗakin maigadi, ina gidan?" Wallahi ba da mugunta na faɗa ba, amma na ga yadda fuskarta ta faɗi, na kuma ji kunya.

Yaron ya fito ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, dogo, mai sanyin magana, hannuwansa duk kanta. Bayansa mahaifiyarsa, gajeriya mai fara'a, ta rungume ni kamar mun shekara da sanin juna. Hausarta ta Zongo ce, wadda ke ce wa mace kai. "Hajiya, sannu da hanya! Ka shigo, ka shigo, gida naka ne."

Da can garejin wani gida ne, aka yanke shi aka mayar da shi gida mai zaman kansa. Ƙasa falo ne haɗe da kicin, taku huɗu nawa ya ƙare. Sama ɗakin kwana ɗaya da banɗaki, ana hawa ta wata matattakala da gwiwoyina ba za su yafe mata ba. Na zaro tef, yarinyar ta riƙe mini ɗaya bakin. Gadon marigayiya zai shiga, amma in ya shiga ƙofa ba za ta buɗu ba. Wadrob babu zancensa. Kujeru saiti guda kuwa sai dai a jera su a lungu maƙwabta su zauna. Na buɗe littafina, na riƙe biro, na rasa abin rubutawa, na mayar.

Gaskiya dai aikin hannun yaron ya ba ni mamaki. Kowane taki na matattakalar nan durowa ce, ka ja ka ga takalma, ka ja ta gaba ka ga shinkafa. Teburin cin abinci a jikin bango yake kwana, sai an sauko da shi. Ƙarƙashin bencin zama injin wanki ne. Ko tsintsiya tana da ɗan raminta a bayan ƙofa. Na yaba a zuciyata, amma na ce wa kaina dabara ba ɗaki ba ce. Sai na juya na yi tambayar da na san ita ce za ta kashe magana: "To baƙo fa? Mu mutanen Kano ba ma zuwa ɗaya-ɗaya. Ubanta in ya zo, a matattakala zai kwana?"

Uwar ta tuntsire da dariya har da tafa cinya. "Hajiya, rabin gida ka gani. Sauran yana waje, ka wuce shi da ƙafarka."

Motar nan ce. Daga waje ba ta fi bas ɗin da ke jigila tsakanin Kano da Zariya ba, sai ɗan tsayin rufi. Ya ja ƙofar gefe, na leƙa, na yi salati. Ɗaki ne, jama'a. Ɗaki sosai, da labule, da dardumar ƙasa, da fitilu. Ga murhun gas mai kai biyu, ga wurin wanke-wanke da famfo, ga ɗan firji. Ya murɗa kujerar direba da ta gefenta suka juyo suka fuskanci tebur, falo ya samu. Ya ja wani ƙarfe, bencin baya ya miƙe ya zama gadon mutum biyu. Ya buɗe wata ƙofa da na ɗauka ta kabad ce, sai ga makewayi da shawa, har da buta a rataye. Wuta daga faifan hasken rana take a saman rufi. Na taɓa famfo ruwan ɗumi ya zubo mini a hannu, na yi tsalle baya, suka yi ta dariya.

Ya ce tsohuwar motar kai kaya ce ya saya, ya shafe fiye da shekara yana ƙera cikinta a ranakun hutu. "Gwaggo, ɗaki na biyu a London ya fi ƙarfina, ko na yi ta overtime har tsufa. Kuma ɗakin baƙi, sau nawa ake kwana a cikinsa a shekara? Shi ne na ce gara na sayi ƙaramin gida wanda zan iya, na ɗora ɗakin baƙin a kan taya." Ya ce council, wato ƙaramar hukuma, ba ta yarda a mayar da mota gidan zama na dindindin ba, amma tunda a filinsa take, baƙo ya kwana 'yan kwanaki ba laifi. In babu baƙo kuma, su ne za su shiga su tafi hutu, ba kuɗin otal, ba neman inda ake sayar da abincin halal. Na ce ai ji ba gani ba ne, a tayar da ɗakin nan na ga yadda yake tafiya.

Haka muka kulle rabin gida muka tafi da rabi. Muka fara biyawa ta Peckham sayen cefane. A nan na ga aibin motar na farko: babu inda za a ajiye ta. Wuraren fakin da yawa an gitta musu ƙarfe a sama, ita kuma ta fi shi tsayi. Sai ya sauke mu a bakin Rye Lane ya yi ta zagaye. Titin nan kuwa kasuwa ce sosai, mahauta suna kiran "Mama, zo ki gani," shagunan kitso a jere, coci a saman kanti, jajayen bas suna kutsawa a tsakiyar mutane. Na ɗauki doya guda na tambayi kuɗinta, na ajiye ta a hankali kada ta ji ciwo a ce na biya. Kuɓewa ana sayar da ita a ɗan faranti, ka iya ƙirga ta da ido. Uwar yaron ba ta san wasa ba wajen ciniki, ta sa aka yi mata gyaran attarugu, abin da aka ce mini ba a yi a ƙasar nan.

Daga nan muka hau wani tudu da ake ce wa Shooters Hill, yaron ya ce in waiga. London gaba ɗaya ta kwanta a bayanmu, dogayen benayen gilashi sun taru a tsakiya suna ƙyalli, gidaje kuwa har inda ido ya ƙare. Na shiga tunanin yawan bayin Allah da ke cikin gidajen nan, kowa da ɗan ramin da yake biya wa haya. Sai babban titi, santsi kamar an goge, ba rami, ba shingen 'yan sanda, ba mai tallan ruwa. Ina zaune a benci an ɗaure ni da bel, tukwane suna ɗan kaɗawa a kabad, gonakin tuffa da tumaki masu ƙiba suna wucewa ta taga. Ban taɓa zaton zan ga ranar da zan yi tafiya da kicin a gefena ba.

Wajen azahar muka isa bakin teku a Kent. Ba yashi ba ne, tsakuwa ce zalla, ga iska mai sanyi da ke shiga har ƙashi. Ruwa ya ja baya can nesa ya bar ƙananan jirage kwance a taɓo, aka ce mini da yamma zai dawo ya ɗaga su, kullum haka, ba ya saɓawa. Na tsaya ina ta tasbihi. Turawa tsofaffi suna yawo da karnuka, wasu ma da irin motarmu, suna ɗaga mana hannu kamar 'yan unguwa ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sallah. Tsakiyar motar faɗin darduma ɗaya ce, ba a iya karkata ta. Sai yaron ya duba alƙibla a wayarsa, ya koma ya tayar da mota, ya yi gaba, ya yi baya, ya murɗa, har hanyar tsakiyar ta daidaita da alƙibla, sannan ya kashe ya ce, "Bismillah, Gwaggo." Shekaruna sittin da 'yan kai ina juya darduma a cikin ɗaki, ranar aka juya mini ɗaki saboda darduma. Na yi alwala da ruwan ɗumi, na yi sallata cikin natsuwa, iska tana kaɗa motar a hankali.

Uwar ta ɗumama wake da shinkafa irin nasu na Gana, mai duhun karan dafi, da baƙin yaji mai mai da dafaffen ƙwai. Na ci har na nemi ƙari, ban ji kunya ba. Tana zuba mini tana cewa, "Ni yara huɗu na rena a flat na council, Hajiya, sau uku ana tashinmu. Duk tashi, kaya ne yana ba mu wahala. Yaron nan ya gani da idonsa, shi ya sa ba ya son tarkace." Aka haɗa shayi, a nan aka ɗauki hoton da kuka gani.

Bayan nan na ja 'yar yayana muka taka a kan tsakuwa mu biyu. Ban ɓoye mata ba. Na ce, "Yaron nan ya kwanta mini, motar nan ta burge ni, amma ba wannan aka aiko ni gani ba. Kayan uwarki ba za su shiga gidan can ba, kuma ba zan yi wa ubanki ƙarya ba." Ta juya ta fuskanci ruwa. Ta ce, "Na sani, Gwaggo. Ban yi expecting ki yi ƙarya ba." Hawaye suna zuba ba ta share ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji haushin Yaya, na ji haushin tef ɗina, na ji haushin kaina. Muka koma mota muka kamo hanyar dawowa.

Mun iso Catford bayan la'asar, na shiga gidan ɗaukar jakata. Ina shirin sallama yaron ya ce, kansa a ƙasa, "Gwaggo, akwai wurin da ba ki auna ba." Bangon falo na dama duka kabad ne tun daga ƙasa har rufi, da safe na ɗauka cike yake da kaya kamar ko'ina. Ya buɗe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Babu komai a ciki. Shantuna ne sababbi, an goge su suna sheƙi, amma ba tsayinsu ɗaya ba: wani gajere, wani dogo, wani mai faɗi a ƙasa. A jikin kowanne an manna ɗan zare mai ƙulli.

Ashe da yarinyar ta je gida da Sallah, ya roƙe ta ta auno masa kwanukan mahaifiyarta. Ba ta da tef, sai ta riƙa yanko zare daidai tsayin kowane saiti da faɗinsa, na samira, na tangaran, na kuloli, na kwalla, ta ƙulla ta kawo masa. Ita kanta ta tsaya baki buɗe. "Ce mini ya yi shelf ɗaya zai yi," in ji ta. A gidan da ko tsintsiya sai da aka yi mata lissafin wuri, ya bar bango guda fayau saboda kwanukan matar da bai taɓa gani ba. Kayan aikinsa ma a ƙarƙashin gadon mota yake cusa su. Na zauna a bencin nan ba shiri, na ja mayafi na rufe fuska.

Mun koma Charing Cross rana tana shirin faɗuwa, kogin ya yi ja. Ban ko cire takalmi ba na kira Kano, yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa.

"Zai ɗauka?" in ji Yaya.

"Ba zai ɗauka ba. Ko rubu'i."

"To a dakata."

"Ban gama ba, Yaya." Na ba shi labarin gidan da motar, ban rage ba ban ƙara ba, har na zo kan kabad da zare. Na ce, "Na auna ɗakunan amare ba iyaka. Ko'ina mu muke kai kaya mu yi ta nema musu wuri. Yau ne na fara tarar da wuri yana jiran kaya."

Can ya ce, "Har da babbar kwalla mai shuɗin baki?"

"Har ita. Gurbinta yana ƙasa, hannun dama."

"Ni na saya wa marigayiya ita," ya ce, muryarsa ta sauya. "Ranar sunan yarinyar nan." Ya yi gyaran murya sau biyu. "Ki ce su turo manyansu."

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya ishe ni. Na ga mutum yana iya yanka rayuwa daidai ƙarfinsa ba tare da ya wulaƙanta ba, ya yi ɗaki ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan taya, ya sauki baƙo, ya kuma kwana ba fargabar mai gida. Na kuma gane na daɗe ina auna bango ina barin mai ɗakin, alhali shi ya kamata na fara aunawa. Gado da kujeru da wadrob, Yaya ya ce a raba wa marayun da za a aurar a unguwa, ladan ya kai wa marigayiya.

Washegari da hantsi ƙanwarmu ta turo mini hoto daga Kano. Yaya ne zaune a ƙasa a ɗakin kayan, ɗakin da bai taka ba tun ranar da aka fita da gawar matarsa, ya naɗe hannun riga, yana goge kwanuka ɗaya bayan ɗaya yana naɗe su a jarida.